Waƙoƙin Dakan Inna, Kwana Tara Kafin Aiki

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ikara, na ɗauki kaina mawaƙi. Ba wanda ya ba ni wannan sarauta, ni na naɗa kaina. In an tashi daga makaranta sai in rufe ɗaki, in jingina waya da kofin shayi, in yi ta rera waƙoƙin soyayya da na rubuta a bayan littafin darasi. In na saurara na ji ba daɗi, sai in ce laifin waya ne. A ganina abu ɗaya ne ya rage tsakanina da shahara, wato ƙaton makirufon nan da ake gani a gaban mawaƙa a bidiyo, mai faifan raga a bakinsa. Akwai wani shago a Zariya da nake zuwa in tsaya ina kallonsa, in tambayi kuɗinsa, in ce zan dawo. Har mai shagon ya daina miƙewa in ya hango ni.

A shekarar ne maƙoƙon mahaifiyata, Inna, ya matsa mata. Ta daɗe da shi tana rufewa da mayafi, amma sai ya kai in ta kwanta numfashi yana yi mata wuya. Na ɗauko ta daga Kurmin Kogi muka je asibiti a Zariya, aka sa mana ranar aiki, saura kwana tara. Likitan bai ɓoye mana komai ba.

Ya ce, "Mama, wurin da za mu taɓa kusa yake da hanyar murya. Yawanci ana tashi lafiya ƙalau. Amma wani lokaci murya takan dishe, ta wani ta dawo, ta wani ba ta dawowa yadda take."

Ta ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

A mota ta yi ta kallon gonakin rake ta taga. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, tun da na fara koyarwa ta mayar da ni Malam. Mun yi nisa sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, waƙoƙin Iya za su tafi ke nan."

Iya ita ce mahaifiyarta, ta rasu tun ina ƙarami. A wurinta Inna ta koyi waƙoƙin daka da na niƙa, waɗanda mata suke yi a kan turmi don aiki ya yi sauƙi. Tun da injin niƙa ya shigo gari aka daina su. Ƙannena mata ba su iya ko ɗaya ba. Ni kuwa da nake kiran kaina mawaƙi, ban taɓa tunanin cewa a gidanmu akwai waƙar da ta cancanci a adana ba.

Washegari na gwada ɗaukar waƙoƙin nata da waya. Abin da ya fito kamar Inna tana magana daga cikin rijiya, iska tana hurawa, zakaran maƙwabta ya fi ta fitowa. Na ce mata mu je situdiyo a Zariya. Ta ce ita ba za ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da yaran mutane tana waƙa ba, da girmanta.

Nan fa tsohon ciwona ya motsa. Muna da rago guda da muka ware saboda magungunan bayan aiki, sai zuciyata ta raya mini in sayar da shi in sayo makirufon nan. Na fara yi wa kaina huɗuba: ai don Inna ne, ai magani Allah zai kawo. Yau dai zan faɗi gaskiya, rabin huɗubar nan don Inna ne, rabin kuwa ina hango kaina ne tsaye a gaban ƙaton makirufo, ido a lumshe.

Ina da aboki a Makarfi, mai gyaran rediyo da lasifika, yana kuma ba da hayar su wurin walima da wa'azi. Na hau babur na same shi a shagonsa, ba don shawara ba, don ya raka ni Zariya kada a cuce ni. Bayan mun gaisa, ya tambayi jikin Inna, na zayyana masa komai har da ragon.

Ya ajiye abin da yake gyarawa ya ce, "A ina za ka ɗauki muryar tata?"

"A tsakar gida mana."

"Akwai awaki?"

"Akwai."

"Wuta fa?"

"Sai ta ga dama."

Ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya jawo wani kwali, ya buɗe. Wallahi irin makirufon da nake mafarkinsa ne. Ya ce wani ne ya kawo wai ya lalace, alhali lafiyarsa lau, mai shi ne bai san cewa sai an haɗa shi da wani akwati na daban mai ba shi wuta ba, akwatin kuma da nasa kuɗin. Ya jona shi, ya kifa mini abin saurare a kunnuwa, ya ce, "To, yi waƙa."

Kafin in buɗe baki na ji duniya gaba ɗaya ta shigo kaina. Keken telan da ke shago na uku, mai rake yana sara a bakin titi, wata mota can nesa, har kukan cikina, don ban karya ba na fito. Na daure na rera baiti ɗaya. A ranar na gane wayata ba ta taɓa yi mini sharri ba, ashe rufa mini asiri take yi.

Abokina ya yi dariya har da dafa bango. Sannan ya ce, "Wannan na ɗakin da aka liƙe ko'ina ne. Ka kai shi tsakar gidanku, waƙar awaki za ka ɗauko." Ya ciro wani ƙarami, baƙi, na riƙewa a hannu, ya jona. "Gwada wannan."

Na dube shi a wulaƙance. "Haba mutumina, wannan ai na masu tallan maganin gargajiya ne a kasuwa."

"Kai hoto za ka ɗauka ko murya?"

Na kai shi bakina na yi magana. Tela ya ɓace, mai rake ya ɓace, sai ni kaɗai. Na ɗan janye shi gefe, muryata ta yi nisa. Ya ce haka yake, abin da ke gabansa kawai yake ji, kuma ba ruwansa da wutar gari. Ya haɗa mini da wani ɗan abu kamar akwatin ashana da zai sada shi da waya, ya nuna mini yadda ake yi har sau uku. Abin da ke aljihuna ya isa, ban taɓa rago ba. Duk da haka a hanyar komawa raina a ɓace yake, kamar wanda ya je neman doki aka ba shi keke.

Da safe na shimfiɗa wa Inna tabarma, na miƙa mata makirufo. Ta riƙe shi da yatsu biyu kamar za ta jefar. Ta fara, ta tsaya. Ta sake farawa, baitin ya ɓace mata. Ta miƙo mini ta ce, "Malam, waƙar daka ba ta fitowa a zaune. Kawo turmi."

Na ce, "Inna, da wannan numfashin naki?"

"Na ce ka kawo turmi."

Aka aika aka kira ƙanwarta da ke aure a unguwar gaba. Aka zuba gero. Na rasa inda zan sa makirufo, sai na ɗaure shi da igiya a reshen darbejiyar tsakar gida, ya sauko daidai bakinta. Taɓarya biyu suka fara sauka, wannan ta ɗaga wannan ta buga, sai ga waƙa ta ɓalle kamar dama jira take. Akwai ta amaryar da ta yi tuwo ba gishiri, akwai ta yabon manomin da ya riga kowa fita gona, akwai wata ta kewar gida da ta sa ƙanwar tata share ido da gefen zane ba tare da ta saki taɓarya ba. In numfashi ya ƙare wa Inna sai ta zauna ta sha ruwa, mu jira.

Kwana uku muka yi a haka, kullum da hantsi. A rana ta biyu taɓaryar ƙanwarta ta daki makirufon, igiya ta kwance, ya yi sama ya faɗo a ƙasa, kan ya lotse. Na ɗauke shi, na hure ƙasar, na ce, "Salamu alaikum." Ya amsa tsaf. A nan na fara yi wa abokina addu'a da gaske. Da wancan ƙaton ne, da rago da makirufo duk sun tafi a bugu ɗaya.

Da muka gama na sa mata abin da muka ɗauka a kunne. Muryarta ta fito tas, ƙarar turmi tana bin ta a baya kamar ganga. Ta daɗe tana saurare, kanta a sunkuye. Sannan ta cire ta ce, "Wannan ai Iya ce." Ta tashi ta shige ɗaki, mu ma ba wanda ya bi ta.

Aka yi aiki lafiya. Ragon ya tafi inda aka nufe shi, magani bai yanke ba ko sau ɗaya. Amma muryar ba ta fito ba. Mako na farko sai raɗa, sai ka kai kunne bakinta. Mako na biyu haka, na uku haka. Likita ya ce mu yi haƙuri. Ita ba ta taɓa yin ƙorafi ba, da hannu take nuna abin da take so. Ni kuwa na kasa sauraren abin da muka ɗauka, ina tsoron kada ya zama shi ke nan abin da ya rage.

Wata Asabar na je duba ta, na jingine babur a zaure na bar ƙofar gida a buɗe. Tumakin maƙwabta suka shigo suka afka wa masarar da ta shanya. Ina cikin cire takalmi na ji daga bayana, "Kai Malam! Wane irin sakarci ne wannan? Ƙato da kai ba ka iya rufe ƙofa ba?"

Na juya. Ita ma ta tsaya, hannunta a wuya, ido a buɗe. Muryar ta ɗan yi kauri, amma tata ce. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye yana zuba ba. Tunda nake ba a taɓa zagina na ji daɗi irin na ranar ba. Tumaki kuwa suka ci rabonsu, don ba wanda ya tuna da su.

Yanzu in na waiwaya, abin da yake ba ni tsoro shi ne yadda na kusa yin wauta da kyakkyawar hujja a bakina. Da an tambaye ni a lokacin, rantsuwa zan yi cewa don mahaifiyata nake yi. Allah ya taimake ni da abokin da bai yi gardama da ni ba, sai ya bar kunnena ya gaya mini gaskiya. Masu tambayata wane makirufo za su saya su fara waƙa a gida, ba na ce musu mai tsada ba shi da kyau. Yana da kyau a inda aka yi shi domin wurin. Ni dai nakan ce su fara duba ɗakinsu da aljihunsu, su kuma gwada da kunnensu kafin su biya.

Inna tana nan da ranta. Ba ta iya guɗa kamar da, sama-saman waƙa ma yana gagarar ta, amma faɗa ba abin da ya ragu. Kwanan baya ta kira ni a waya ta ce ta tuno wasu waƙoƙi biyu da ba mu ɗauka ba. Na ce mata ayyuka sun yi mini yawa, sai an gama girbi zan zo.

Ta ce, "To, babu gaggawa. Allah ya kai mu."

Na ajiye wayar. Ban taɓa sanin cewa ɗage abu zuwa wani lokaci ma ni'ima ce ba sai a ranar.