Wanda Na Bi a Ƙarƙashin Dam

Jama'a, abin nan ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, Allah ne shaidata. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina zuwa Guangzhou saro takalma, muna sauka a wani otal a Liuhua ni da Issaka, mutumin zangon Kumasi, wanda ni na fara kai shi ƙasar. In kaya suka tafi tashar jiragen ruwa ta Huangpu sai zaman jira, to a zaman nan ne lawban ɗinmu, wato mai masana'antar da muke sayen kaya a wurinsa, ya ja mu muka koyi nutso da tukunyar iska a baya, muka karɓi takardar farko ta shaidar iya nutso tare.

Sai Issaka ya ƙara kwas na biyu, na shiga zurfi da aiki da kamfas mai nuna alƙibla da ceton mutum. Ya ce in zo, na ce ɓarnar lokaci ce, ruwa ai ruwa ne. Gaskiyar magana baƙin ciki nake yi. Lawban ya koma komai Issaka, ko shayi shi ake fara zuba wa, ni da na nuna masa hanya na zama ɗan rakiya, wallahi ko dariyarsa na ji sai raina ya ɓaci.

Wata Lahadi da hantsi aka kai mu wani dam a bayan gari. Malamin da ke koya mana nutso ya ce masu takardar farko kada su wuce igiyar da ya ɗaure. Issaka ya dafa ni ya ce, "Ɗan'uwa, ka tsaya kusa da ni." Na ce, "Kai dai ka ji da kanka."

Muna shiga na sulale na wuce igiyar. Ruwa ya yi duhu, sanyi ya kama ni, na rasa sama na rasa ƙasa. Can sai ga mutum a gabana, sak Issaka, har jan ƙyallen da yake ɗaurawa a hannu, yana yafito ni. Na ce a raina, wato nan ma sai da ka riga ni? Na bi shi, yana ƙara yin ƙasa ina bi, har iskar tukunyata ta fara ƙarewa.

Sai aka damƙe ni ta baya. Na juya, Issaka ne. Ya cusa min bututun iskarsa a baki, ya riƙa hawa da ni a hankali yana tsayawa, yadda aka koya masa. Na waiga ƙasa, wancan yana nan tsaye, yana kallonmu.

Da muka fito malamin ya ce zurfi na bugar da mutum ya ga abin da babu, suna koyar da haka a kwas. Na so in yarda. Amma a mota Issaka ya sunkuyo ya ce, "Ni ma na gan shi. Ka lura ko kumfa ɗaya ba ta fita daga bakinsa?"

Ban sake shiga ruwa ba, har yau ko wanka nake na rufe ido sai tsigar jikina ta tashi. Ku masu sha'awar nutso, ku ƙaro karatun, kada girman kai ya hana ku. Kuma duk wanda ya yafito ku a ƙasa, ku duba ko yana numfashi tukuna.