Ƙanƙarar da Aka Kai Rumfar Manya

Ko na manta da komai a aikin nan, ba zan manta da ranar wasan ƙarshe na gasar ma'aikatu a Kudenda ba, shekarar da soja suka koma bariki. Ni ne mai kula da raunin 'yan ƙwallon masana'antarmu. A takarda kuwa "mai ɗaukar ruwa" suka rubuta ni.

Ban yi boko mai nisa ba. Madam Saratu, wata likitar gashin ƙashi 'yar Filato, ita ta koya mini aikin. Dokarta ta farko: sabon targaɗe ba a ja, ba a murzawa, ba a shafa man zafi. Ƙanƙara, bandeji, a ɗaga ƙafar sama. Shi ya sa kowace ranar wasa nake zuwa wurin masu kifi in cika kular sanyi da ƙanƙara.

Ranar an gayyaci sabon ciyaman na ƙaramar hukuma. Ina can ina ɗaure wa mai tsaron gida yatsu, ashe sakataren kulob, Oga Sunday, ya sa an ɗauke kular.

Bayan hutun rabin lokaci aka taka Bitrus a idon sawu. Bitrus ɗin nan yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma saura wata ɗaya ya je gwaji wani babban kulob a Jos. Na ruga na buɗe jaka, na waiga, babu kula. Kafin in ankara wani ɗan kallo ya kama ƙafar zai ja. Na buge hannunsa.

"Oga Sunday, ina ƙanƙarata?"

"Haba Ayuba, ciyaman zai sha lemo da zafi ne? Shafa masa man zafi ya tashi."

"Oga, ƙafar mutum fa!"

"Kai likita ne? Ruwa aka ɗauke ka ka raba."

Na miƙe sai rumfar manya. Ana cikin tafi na janyo bokitin da aka juye ƙanƙarata a ciki daga gaban ciyaman, na zube kwalaben a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Wannan magani ne."

Ɗan sanda ya riƙe mini riga. Ciyaman ya yi dariya ya ce a sake ni, amma fuskar Oga Sunday ta gaya mini sauran.

Na naɗe ƙanƙarar a tawul na ɗora minti ashirin, na ɗaure, na ɗora ƙafar a kan benci. Koci ya zo yana roƙo Bitrus ya koma ko na minti goma. Na ce sai dai ya taka ni ya wuce. Aka ci mu ɗaya da nema.

Ranar Litinin aka ba ni takardar dakatarwa ta wata uku, wai na kunyata kamfani gaban baƙi. Ban damu ba. Kullum sai na je unguwar Romi gidan Bitrus, ina sa shi motsa ƙafar a hankali, ina hana surukarsa gasa ta da ruwan zafi. Ya je Jos da ƙafarsa, suka ɗauke shi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu da takardunku, ku ji: manya suna son kofi, 'yan kallo suna son ƙwallo a raga. A filin nan kaf kai kaɗai ne aka ajiye domin ƙafar. Tun daga ranar, a kan kular nake zama.