Baffa Labbo da Mawaƙin da Bai Iso Ba

Duk wanda ya san Baffa Labbo ya san yatsan nan nasa. Kana tsakiyar magana, ko da kuwa cinikin akuya kuke yi, sai ya ɗaga manuniya sama, ya lumshe ido, ya karkata kai wajen 'yar rediyon da ke rataye a wuyansa, ya ce, "Yi kurum, yana nan tahe." Sai ka yi shiru kana jira. Wa ke tafe? Oho! Mun yi shekara da shekaru muna jira a Talata Mafara, har Baffa ya koma ga Mahaliccinsa ba mu ga wanda ya iso ba.

Ni 'yar wansa ce, a gidansa na zauna lokacin da nake karatu a Mafara, don haka a gabana aka fara abin. Baffa makanikin injin ban-ruwa ne. Wata ranar kasuwa ya kai memori wajen masu tura waƙa don a zuba masa waƙoƙin noma, aka yi kuskure aka miƙo masa na wani. Da ya dawo ya kunna, sai wani sauti ya taso a hankali, dogo, mai sanyi, babu ganga babu kalangu. Can sai wasu 'yan ƙananan sautuka suka riƙa ɗiga a kansa kamar ruwan indararo bayan an ɗauke sama. Muka zauna muna jiran mawaƙi ya shigo. Inna Kulu, matar Baffa, ta gama tankaɗe, ta ɗora tukunya, ta sauke, mawaƙi bai gama gyaran murya ba. Ta ce a mayar musu da kayansu, lalatacce ne. Baffa kuwa, mutumin da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ya tsinta sai ya miƙe ta ya adana, ya ce shi ba zai sake ƙona man babur ba a kan abin da bai ji ƙarshensa ba. Da abin ya ƙare na dube shi, sai na ga gemunsa a jiƙe. Ya ce hayaƙi ne, alhali murhu yana can bayan ɗaki.

Daga baya muka sami labari cewa kiɗan na'ura ne, a kwamfuta ake haɗa shi, kuma haka aka yi shi tun asali, ba shi da mawaƙi. Baffa ya ce ƙarya ne, akwai mawaƙi, kunya ce ta yi masa yawa. Amma wata rana yana wanke hannu da kananzir ya gaya mini gaskiyarsa. Ya ce waƙa mai baki ɗakin wani ce, an riga an jera kaya, kai baƙo ne. Wannan kuwa ɗaki ne shararre da ba kowa, kai za ka shiga da naka kayan. Ya ce shi in ya shiga, tsohuwarsu yake tararwa tana kaɗi a tsakar gida.

Rigima kuwa ta taso ne daga gidanmu na Maradun. Mahaifina, Malam Sa'idu, shi ne wan Baffa, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakin tsohuwar. Malam mutum ne na littafi da buzu. Ranar da ya fara ganin rediyon a ƙirjin ƙaninsa, sai da ya cire tabarau.

"Labbo, da hurhurarka ka rataya kiɗi ga wuya?"

"Malam, ina ganga? Ina mawaƙi? Wa kag gani yana rawa?"

"To mine ne wanga abu?"

"Iska ta, wadda tay yi makaranta."

Na ga Malam ya ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa, amma bai sauka ba. Ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidan Labbo ba muddin abin nan yana kuka, kuma abin ba zai shiga zauren da littattafansa suke ba. Baffa ya ce shi ma ba zai kashe ba sai in ladan ya kira salla. Babu wanda ya rantse a cikinsu, amma a gidanmu magana in ta fita ta fi rantsuwa tauri.

To zumunci fa ba a yanke shi ba, sai dai ya koma bakin titi. Malam zai shigo mota tun daga Maradun, a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar da ke tsallaken gidan, Baffa yana ƙofar zaure da rediyonsa, su yi ta jefa wa juna gaisuwa da ƙarfi. Ina gajiya, ina iyali, ina muka ji da zafi. Wata mai fura ta taɓa ratsawa ta tsakaninsu ta amsa gaisuwar duka, har ta gode. Unguwa tana dariya, ni ma ina yi, amma abin yana ci mini rai. Tsofaffi biyu ne, ciki ɗaya, kullum ƙara rusunawa suke yi, kuma na san wata rana ɗaya zai tafi ba su sake haɗa hannu a akushi ba.

Ku da kuke noman rani a Bakura, inda gonar Baffa take, kun tuna shekarar tsuntsu. Shinkafa ta yi kai, jan-baki suka sauko, kowa ya ɗaura gwangwanaye a igiya yana kaɗawa yana ihu tun safe har makogwaro ya dushe. Baffa ya ce wannan wahalar banza ce, shi yana da na'ura. Ya kafa sanda a tsakiyar gonarsa, ya rataya rediyon, ya ƙure murya, ya koma inuwa ya kishingiɗa. Jama'a, tsuntsayen da aka koro daga gonakin maƙwabta duk sai suka taru wajen Baffa! Wasu ma a kan sandar suka jeru, suna ci suna saurare. Maƙwabta suka yi ta yi masa godiya. Abin da ya girba a wannan shekarar, a bayan babur ya kawo shi gida, kuma har da wurin zaman Inna Kulu.

Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce, "Kin gani ko? Tsuntsu ma ya san abu mai kyau. Malam ɗai ar rage."

Inna Kulu ta ce, "To sai ka tuƙa muna kiɗin mu ci da miya."

Bikina ma bai tsira ba. Ranar wuni mai kiɗan da aka ɗauko ya makara a hanyar Ruwan Gizo, ga manyan lasifikoki an jera, ga mata sun ci ado sun ɗaure gyale a ƙugu. Baffa ya ce ba a barin wuta tana ci a banza, ya zare memorinsa ya cusa. Sautin ya cika unguwa. Mata suka shiga fili suka tsaya, kowacce ta ɗaga ƙafa ɗaya tana jiran ganga. Shi kuwa yana gefe da yatsa a sama yana ba su haƙuri, yana nan tafe. Ƙafafu suka gaji aka sauke. Ɗaya bayan ɗaya suka zauna, hayaniya ta mutu, jarirai suka yi barci, gwaggon ango ma ta bi su har da minshari. Wata tsohuwa da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ta fara share hawaye, ta ce ita dai mijinta ta tuna. Har yau in dangin mijina za su tsokane ni, cewa suke yi amaryar da aka kai da gyangyaɗi.

Haka aka yi ta tafiya har ciwo ya kwantar da Baffa. Na dawo gidansa don jinya. Ya rame, hannunsa ba ya iya riƙe ko cokali, rediyon tana kan matashi kusa da kunnensa tana ta aikinta. Wata rana da hantsi na ji sallamar Malam daga waje. Na rasa yadda za a yi, don na san Baffa ba zai iya fita ƙofar zaure ba, na kuma san halin ubana.

Baffa ya buɗe ido ya ce, "Ɗiyata, kashe ta." Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Na kai hannu na danna, ina juyowa sai ga Malam tsaye a bakin ɗaki, takalmansa a hannu, yana haki. Ashe bai tsaya a darbejiya ba, kai tsaye ya ratso zaure abin yana kuka.

Na ce to, yanzu za a rungume juna a yi kuka. Ina! Kun san an ce a tsakanin masu gaba, wanda ya riga saukowa shi ya fi lada. Nan take sabuwar rigima ta tashi.

"Labbo, ka shaida ni nir riga. Tana kuka nis shigo."

"A'a Malam, ni nir riga. Tun kana waje nic ce a kashe."

"Ladar ga tawa ta."

"Kai da ke da lada buhu-buhu, wagga guda ma sai ka amshe ma makanike?"

Suka juyo kaina wai in raba gardama. Na ce ni maɓalli nake kallo, ban ga komai ba, na fita ɗauko abinci. Da na dawo Malam yana zaune a bakin gado, ya tallafo kan ƙaninsa. A akushi ɗaya suka ci, Malam yana ɗiba yana ba shi a baki, suna ci suna musu. Bai koma Maradun ba sai bayan da muka kai Baffa makwancinsa.

Da aka zo rabon kaya babu wanda ya nemi rediyon, sai Malam ya ce a ba shi ajiya, amana ce. Tana can a zaurensa, a kan taga, nesa kaɗan da littattafai. Duk ranar da na je gaishe shi sai ya ce in kunna a gani ko batir bai mutu ba, kada amana ta lalace a hannunsa. Bai taɓa cewa ya sauya ra'ayi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Zuwana na ƙarshe na kunna, sautin ya taso, na ga ya isa gwaji na kai hannu zan kashe. Sai na ga Malam ya lumshe ido, manuniyarsa tana tashi sama a hankali.

"Yi kurum," in ji shi.

Bai ƙarasa sauran ba, ni ma ban iya ba.

Allah Ya jiƙan Baffa Labbo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa fiye da yadda ya sanyaya mana gida. Ladan nan da suka yi ta ja, ya Ubangiji, Ka ba kowannensu cikakke. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, Ka haɗa su a inuwa ɗaya, ba titi a tsakani. Amin.