Gudun Saje Tsintsiya

In ba a ofis ba, ba mai kiran sa da sunan yanka a barikin nan. Saje Tsintsiya kowa ke cewa, har da matarsa in ya ƙure ta. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Duk ranar da sojoji suka fita gudun safe a jere, shi ake ajiyewa a can ƙarshe don ya sharo duk wanda ya gaza. Wani ya lallashe shi, wani ya zage shi tas, wani ya karɓe masa jaka ya haɗa da tasa. Tun yana kofur aka ɗora masa wannan, har furfura ta fara leƙowa, kuma ba a taɓa jin ya shigo ƙofar bariki ya bar mutum a hanya ba.

Mutum ne da zama ke ba wahala. Abinci ma a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya kan dakali. In ya shigo gida sai ya taɓa famfo, ya gyara igiyar shanya, ya duba ƙyauren da ya duba jiya, har matar ta ce, "Baban yara, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri." Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, amma a nan aka haifi 'ya'yansu duka, kuma babbar tana ajin ƙarshe a makarantar bariki.

Sai ga sabon tsarin gwajin ƙarfi ya zo daga sama. An daina duba ko rukuni ya dawo tare. Kowa zai yi gudunsa, agogo ya yi masa hukunci, kuma lokacin da ake ba mutum ya danganta da shekarunsa: wanda ya fi manyanta a ƙara masa, mai ƙuruciya a matse shi. Wanda ya faɗi sau biyu a jere, sallama ce, gidan bariki kuma a ba wani.

A gwajin farko Saje ya faɗi, abin har dariya ya ba mutane. Ga mutumin da zai wuni yana gudu bai nemi ruwa ba, amma ba shi da sauri ko kaɗan. To ina zai samo shi? Duk rayuwarsa da takun wanda ya fi kowa gajiya yake gudu. Shi kam bai yi dariya ba, tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a wurin aiki mai haɗari.

Daga nan gidan ya rasa sukuni. Da sassafe yana fili, da yamma yana fili, da rana in ya sami sarari yana hawa matakalar ɗakin ajiya yana sauka kamar wanda ya yi mantuwa. Ya sayi takalmin kambas, ya rage ci, ya rame har wandon kaki ya fara zame masa. Sauri kuwa ya zo. Malamin motsa jiki ya gwada shi a ɓoye ya ce, "Saje, in ka yi haka ranar, ka wuce har da rara."

Da safen gwaji na biyu matar ta tare bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi.

"Abu ɗaya zan roƙe ka," in ji ta. "Kar ka waiwaya."

"Haba, sai ka ce yaro?"

"Da yaro ne da ban damu ba. Ko wa ka ji yana haki, ba naka ba ne yau. Ka ji ni?"

Ya ce ya ji, ya fice yana karkaɗa hannuwa.

Aka hura usur, Saje ya tashi da kyau. Ya wuce samarin da shi ya taɓa ɗaukar musu jaka, suna kallon sa baki buɗe. Zagayen fili ake yi, don haka da aka yi nisa sai na gaba suka fara cim ma na baya. A nan ya jiyo wani numfashi da ya sani tun kafin ya ga mai shi. Baba Kuku ne, mai dafa wa rukuninsu abinci, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Shi ma ya faɗi gwajin farko, ga tumbi, ga gwiwa, ga iyali cike da gida. Ya riƙe kwiɓi, ƙafarsa ta fara jan ƙasa, idonsa na kan ciyawar gefe. Saje ya san wannan kallon. Wanda ya fara kallon ciyawa, zama zai yi.

A gaskiya bai waiwaya ba, ya cika wa matarsa wannan. Ƙafafunsa ne kawai suka rage da kansu, suka daidaita da na Baba Kuku, hagu da hagu, dama da dama. Kafin ya ankara bakinsa ya riga ya kama aiki.

"Ɗago kanka, Baba. Kalli keyar wancan, kar ka kalli ƙasa."

"Wuce, ƙanena," in ji Baba Kuku da ƙyar. "Ni na gama."

"Ka gama me? Tukunya kake ɗagawa mai nauyin mutum, ɗan filin nan ne zai kayar da kai? Taka!"

Ya ce a ransa zuwa kwanar can kawai zai kai shi. A kwanar ya ce zuwa sandar tuta. Ya ji malamin motsa jiki yana ƙwala masa kira daga gefe, ya kuma san abin da yake zubarwa. Amma duk sanda ya ɗan ƙara taku sai na Baba Kuku ya rikice, shi kuma ya dawo. Da Saje ya kammala nasa zagayen ma bai tsaya ba, ya raka tsohon har layi.

Hafsan da ke riƙe da agogo ya duba shekarun Baba Kuku ya ce ya wuce, da ƙyar amma ya wuce. Na Saje kuwa sai ya daɗe yana kallon agogon, ya yi gyaran murya, ya ce masa ya zo ofis gobe. Ba mugunta ya yi ba, Saje bai kai shekarun da za a yi masa wannan sassaucin ba.

Baba Kuku bai ji wannan ba. Yana kwance a ciyawa yana kuka yana dariya, ya riƙe ƙafar Saje yana sa masa albarka, yana cewa yau naman kasko duk nasa ne. Saje ya ce masa ya sha ruwa a hankali, kar ya kwankwaɗa.

Matar tana tsaye inda ya bar ta. Ta dubi fuskarsa, ta dubi yadda ya zauna a dakali ya kasa kwance igiyar takalmi.

"Wa ka tsaya wa?"

"Baba Kuku."

"Ya wuce?"

"Ya wuce."

Ranta ya ɓaci, ga tausayinsa ya hana ta faɗa. Can ta leƙa ɗaki inda babbar 'yarsu ke karatu.

"Ajiye littafin nan," in ji ta. "Je ki wurin mai kanti, ki ce in ya sauke kaya ya tara mana kwalaye, manya, na haɗa kaya."