Kwamfutar Baƙi

Hoton mahaifiyata ɗaya ne a duniya, kuma yana cikin kwamfutar shagona na ɗaukar hoto a bakin kasuwar Malanville, tare da na bikin rabin gari. Ni kuwa mutum ne mai kunyar cewa a'a. Duk wanda ya tsallako daga Gaya da kile, ɗan abin nan da ake zuba waƙoƙi da wa'azi a ciki, sai in matsa gefe in bar shi ya soka a kwamfutar.

Ɗiyar kawuna, wadda ta karanto aikin kwamfuta a Parakou, ta zo ta ga haka, ta riƙe baki.

"Yaya, abin da ka kashe na'ura iri ukku na," in ji ta. "Akwai na sama: tsawa, zahi, ruwan gulbi. Akwai na mugu, wanda ka nemanka da gangan. Sannan akwai na masoyi, wanda ba ya nuhinka da komi. Kowane da maganinai, kak ka gama su."

Na sama, ta kwafe hotunan ta ce in ajiye a wani gida. Na mugu, ta sa kalmar sirri. Na masoyi ne ya tsaya mini a wuya, don cewa ta yi in hana kowa soka kile, ta nan cuta ke shiga kwamfuta. Na ce sai dai in rufe shagon, amma ba zan hana baƙo ba. Ta harare ni, ta ce ta san halina. Washegari sai ga ta bisa kabu-kabu, rungume da wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa. Ta ce wannan ta baƙi ce.

Damina ta wuce, aminina mai sayar da albasa, wanda muka tashi tare, ya zo da kilensa. Ya soka, allon ya yi baƙi, komai ya tafi. Bai san kwamfutar biyu ce ba. Ya durƙushe, babban mutum, yana cewa, "Na kashe maka hoton Inna."

Na kunna ɗayar, na juya masa allon. Ga ta nan da mayafinta, tana murmushin nan nata na gefe guda.

Na san kaina. Da hoton ya tafi, da bakina na yafe masa, amma da ban sake iya kallon idonsa ba. Har yau ina yi wa yarinyar nan addu'a, don tare muka ci tuwo da shi ranar.