Yatsan Maginiya a Cikin Rezin

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ranar Laraba, tsakiyar damina. Mu uku ne a shagona da ke Kuje, bayan masu sayar da katako: ni, da wata ma'aikaciyar gwamnati da nake kira Madam, da ƙanwar mahaifiyarta, tsohuwa 'yar Ushafa mai ginin tukwane, wadda muke ce wa Mama.

Madam ta kwance ɗankwali a kan teburin aikina. Tsingaro bakwai ne a ciki, jajaye, na tulu. Ta ce tulun ƙarshe ne da mahaifiyarta ta gina kafin ciwo ya kwantar da ita, kuma ya faɗo daga bayan mota ranar da suka tashi daga tsohon gida. Ta ɗauki guda, wanda ya fito daga wuyan tulun, ta juyo cikinsa. Akwai shaidar babban yatsa da aka danna tun yumɓun yana ɗanye, har zanen fatar yatsan ana gani, da ɗigo uku na tsinke a gefe.

"Wannan nake so a riƙa gani," in ji ta. "Hotuna muna da su. Amma wannan hannunta ne."

Ranar Lahadi za a yi addu'ar cika shekara da rasuwar mahaifiyar a cocinsu. Ƙannenta za su zo, ɗaya daga Abaji, sauran daga nesa. Tana so in zuba tsingaron cikin rezin, su zauna a allo ɗaya garai-garai kamar gilashi, a ajiye a gaban jama'a, bayan nan ya koma falonta. Asabar da yamma za ta zo ɗauka.

Ni kafinta ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai allo. Na fi shekara ashirin ina ƙofofi da gadaje kafin in fara aikin rezin, wanda na koya a waya, ina kallo ina maimaitawa har na daina ɓata kaya. Ruwa ne iri biyu a galan biyu, A da B. Kowanne shi kaɗai ba ya daskarewa. In ka haɗa su bisa awo, sai su yi kauri kamar zuma, su ɗau zafi, bayan kwana uku su zama dutse mai haske. Abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Ina da tsari, kuma ba na son a taɓa mini shi. Da farko a busar da abin da za a zuba, wuni guda cur. Sannan a shafe shi da rezin siriri da buroshi, a bar shi ya kwana, don ya toshe ƙofofin iskar da ke jikinsa. Sannan a yi babban zubi. Bayan zubi ba a taɓawa. Kwana shida ke nan har da goge. Na faɗa wa Madam haka, na ƙirga mata da yatsu.

"Oga kafinta, abeg. Kwana shida ina? Lahadi fa."

"To da sai ki zo makon jiya."

"Makon jiya ban san ana irin wannan aikin ba. A ofis na gani a teburin wata."

Mama tana zaune a benci, tana kallon galan ɗina kamar na maganin ƙwari. Na juya na tambaye ta, tun da ita ce mai sana'ar: "Mama, tsingaron nan a bushe suke?"

Ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Ɗana, abin da ya ci wuta? Ka taɓa ganin an gasa tulu, kuma a ce a kai shi shanya? Kai dai ka ce kana tsoron aikin."

"Ba tsoro ba ne. Tsari ne."

"Mu ba mu je makarantar waya ba, amma tukunyarmu ba ta yoyo."

Madam ta ce, "Mama, ki bar shi mana," amma ita ma tana murmushi.

Na ɗauki tsingaron wuyan na riƙe a tafin hannu. Ya yi sanyi. Na ji sanyin sarai, ba zan ce ban ji ba. A ƙauyenmu ko wanda bai taɓa gina komai ba ya san randa ba ta sanyi sai da ruwa a jikinta. Amma an kwana ana ruwa, komai na shagon da sanyinsa, kuma maganar tsoro ta tsaya mini a wuya. Na lissafa: in na zuba da tsakar ranar nan, Asabar da tsakar rana ya cika kwana uku. Na ce na karɓa. Matakin farko da na biyu na tsallake su a zaune, ba wanda ya riƙe mini hannu.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na haɗa akwatin zubi, na shimfiɗa allon maɗaci a ƙasa, na jera tsingaron. Na wuyan a tsakiya, yatsan yana kallon sama. Kofi biyu na A, kofi ɗaya na B. Na juya a hankali minti biyar, ido a agogo. Ƙarfe sha biyu daidai na zuba. Ruwan ya hau kan jan yumɓun, launin ya fito kamar yanzu aka ciro shi daga wuta, zanen yatsan ya ƙara fitowa fili. Madam ta rufe baki da hannu. Mama ta leƙa ta ce, "To, ba laifi," suka tafi.

Kumfa ta fara da sha biyu da rabi. Wannan ba sabon abu ba ne, kowane zubi yana yi. Ina da ɗan murhun gas na hannu, in na gitta harshen wutar a saman ruwan sai kumfar ta fashe. Na gitta, ta tafi. Bayan minti goma ta dawo, ƙanana-ƙanana, a jere daga bakin kowane tsingaro. Na sake gittawa. Ta sake dawowa. Na ja kujera na zauna, na tashi, na share ƙasan da na riga na share. Wani ya zo maganar ƙofar banɗaki, na ce ya dawo gobe, ban ma bari ya gama bayani ba. Da aka kira azahar na tafi masallaci, amma ina sallamewa na fito, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Abincin da aka aiko mini daga gida yana nan a rufe har ya huce.

Ƙarfe uku saura kwata na ga wani fari a cikin zubin. A gefen babban tsingaron ya fara, kamar an ɗiga madara a ruwa. Na kawo fitilar waya na haska ta gefe. Ba a sama yake ba, daga jikin yumɓun yake fitowa. Na san abu ɗaya ne ke yin haka. Ruwa.

Na kira Madam. Tana ofis, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Me aka yi wa tsingaron nan kafin a kawo?"

"Ba komai. Suna cikin kwali tun da ya fashe."

"Ki tambayi Mama."

Minti takwas na jira, ina zagaya teburin. Da ta kira sai na ji muryarta ta sauya. Mama ta buɗe kwalin jiya, ta tarar da kashin kyankyaso da yanar gizo. A wurinsu ba a miƙa kayan mamaci ga baƙo da datti, abin kunya ne ga gidan. Ta jiƙa su a ruwan sabulu suka kwana, da safe ta ɗauraye, ta goge, ta ɗan kanga su a bakin murhu har samansu ya bushe. Ita a ganinta ba abin faɗa ba ne. Wa ke ba da labarin ya wanke kaya?

Yumɓun Ushafa ba shi da shafen gilashi. Yana shan ruwa ya riƙe a ciki. Yanzu rezin ya fara ɗumi, yana koro ruwan waje.

"Yatsan fa?" in ji Madam.

"Har yanzu ana gani."

"To me za a yi?"

Na faɗa mata hanya biyu. Ko in sa hannu yanzu, tun ruwan yana kamar zuma, in ciro na wuyan in wanke shi da sinadarin wanke buroshi. Zai yi duhu, zubin zai lalace, ba abin kaiwa coci ranar Lahadi. Ko in bari, wataƙila farin ya tsaya a gefe, tun da na wuyan siriri ne, bai sha ruwa kamar sauran ba.

"Oga, kai ka san aikinka. Ni ina da mitin yanzu."

Na tsaya da safar roba a hannu. Na kai yatsa har kusa da ruwan, na janye. Na fita bakin shago, na dawo. Na sake haskawa: farin yana nesa da yatsan da kamar faɗin farce biyu. Na sa alama da biro a jikin akwatin don in ga ko yana tafiya. Bayan rabin awa ya matsa kaɗan, ko idona ne, ban tabbata ba. Na sake sa safar. Sai na tuna dokata ta huɗu, wadda nake faɗa wa duk wanda ya zo kallon aiki: bayan zubi ba a taɓawa. Na cire safar, na kifa kwali a kan akwatin, na rufe shago ƙarfe shida.

Na karya doka biyu da safe don kada tsohuwa ta ce na ji tsoro. Da yamma na riƙe ta huɗu da ƙarfi, ita ce kuwa ya kamata in karya. Na daɗe ina juya wannan, ban samo wa kaina uzuri ba.

Alhamis ƙarfe shida da rabi na safe na ɗaga kwalin. Farin ya cinye ɗigo ukun, ya hau rabin yatsan. Na taɓa kusurwa da tsinke: ya yi danƙo, ya wuce ciro komai. Wunin ranar ban yi aikin kirki ba. Na yanka katakon wani ya gaza da inci biyu, abin da ban yi ba tun ina koyo. Duk bayan awa ina ɗaga kwalin, alhali na san ɗagawar ba ta hana komai. Juma'a farin ya rufe sauran.

Asabar da tsakar rana na kwance akwatin. Na goge saman da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, na shafa man goge, ya yi ƙyalli kamar madubi. Farin yana ciki, goge ba ya kai masa. Na gwada a kan ƙaramin tsingaron da ke can kusurwa: na yanka da zarto har kusa da shi, na sa kurfi a hankali. Rezin ɗin ya ɓalle tare da fuskar yumɓun. Na ajiye kurfin. In na yi wa na wuyan haka, yatsan ne zai taho a gutsure.

Ƙarfe huɗu da minti goma suka iso. Ban yi doguwar gaisuwa ba, na ɗora allon a teburi. Madam ta ɗauka, ta kai bakin ƙofa, ta karkata shi ga haske, ta sake karkatawa. In ka san inda yake, kana ganin inuwar wani ɗan rami. Shi ke nan.

"Laifin kashi biyu ne," na ce. "Na Mama, da ba ta faɗa ba. Nawa ya fi, don na ji sanyinsu a hannuna na yi shiru, kuma ranar Laraba ina da awa uku da zan iya ciro shi ban ciro ba."

Mama ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta karɓi allon, ta shafa samansa da babban yatsanta, daidai wurin, tana dannawa kamar zai lotsa.

"Ni na wanke wa yayata," ta ce. "Ko yau aka ba ni zan wanke. Amma da ka ce mini abin nan ba ya son ruwa, ɗana. Ka ce bushe, ban san bushen ciki kake nufi ba."

Gaskiyarta. Ban faɗa ba.

Madam ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce za ta kai shi cocin haka nan, tun da ƙannenta sun taso. Ta tambaya sau ɗaya, "Ba zai washe ba, ko bayan shekaru?" Na ce ba zai washe ba.

A bakin ƙofa Mama ta juyo. Ta ce yayarta ba ta taɓa sauke tulu ko tukunya ba tare da ta danna yatsa a cikin wuyan ba, ta soka tsinke sau uku. Shekara da shekaru tana sayarwa, mutanen cikin gari suna zuwa da mota suna kwasa, wasu don ruwan sha, wasu don dasa fure. A gida dai babu ko ɗaya da ya rage.

Na je Ushafa sau uku tun daga lokacin, ina zura hannu a wuyan tsofaffin tuluna har masu su suka fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Na duba a wuraren masu sayar da fure a bakin titi. Ban samu ba tukuna, kuma ba ni da izinin shiga gidajen mutane.

Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In akwai tsohon tulu ko tukunyar Ushafa a gidanka, a baranda ko a bayan kicin, ka zura hannu cikin wuyan ka lalubo. In ka ji ramin babban yatsa da ɗigo uku a gefensa, ka ɗauke shi da hannu biyu, ka kai wurin matan da ke ginin tukwane a Ushafa, ka ce na 'yar maginiyar da ta rasu ne, wadda ke aiki a cikin gari. Za su san inda za su kai shi.