Wan Mijina Ya Zo Neman Gafara

Wan mijina ya samu kujerar Makka bana. Kamar yadda aka saba, ya shiga bin gidajen dangi yana neman gafara kafin tafiya. Shekara biyu ina jiran ranar da zai tsaya a ƙofata.

A wancan lokacin mijina fataucin albasa yake yi. Ya dawo daga Kudu bayan kwana biyu a takure cikin babbar mota, ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ga zafi rau, ta dama kuwa lafiya lau. Na ce mu je asibiti. Wansa, wanda duk unguwar Runjin Sambo aka san shi da ɗori, ya ce targaɗe ne.

"Ke mi kika sani ga ciwon ƙafa? Kawo man shanu."

Kwana uku yana murza ƙafar nan da iya ƙarfinsa, mijina na cizon wuyan riga. Ni nake riƙe ƙwaryar man. Rana ta huɗu da hantsi numfashinsa ya sarƙe, ƙirji na sukarsa, ya yi tari da jini.

A asibiti likita ta auna kaurin ƙafafun biyu da tef irin na tela, ta ɗora na'urar hoto a bayan gwiwa. Ta ce jini ne ya daskare a jijiya, wani guda ya ɓalle ya toshe hanyar jini a huhu. Ta tambaya ko an yi masa tausa. Na ce kwana uku. Ta sunkuyar da kai tana rubutu. Mijina bai kai la'asar ba ya cika.

Ran da wan mijina ya zo neman gafarar, da 'yan rakiya ya zo, suka cika zaure. Na tsaya bayan labule.

"Ƙanwata, ki yafe mani abin da na yi maki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Na ce, "Yaya, wanda ka sani ɗin, faɗe shi. Mutane na ji."

"Haba, kwana ne ya ƙare."

"Kwanan na Allah ne. Hannun fa?"

Wani dattijo ya yi gyaran murya, ya ce in dubi zumunci, mutum zai je ɗakin Allah. Na ce shi ya sa nake so ya tafi da alhakin a wuyansa. Can babu 'yan rakiya.

Na daɗe a tsaye ina jira ko zai faɗa. Da a ce ya faɗa ɗin, ban san abin da zan yi ba. Sai na ji ana jan takalma ana fita.